Ɗigon da Bai Haye Teku Ba

Gonar lemonmu tana kudancin tsibirin Jeju. Ni ce mai zuba lemo a kwali, don ban yi nisa a makaranta ba. Masu saye kuwa ta imel suke aiko da buƙatarsu.

Matar yayana, Hae-rin, ita ce mai ilimin kwamfuta. Ta ce kowane saƙo yana ɗauke da sawun inda ya fito a ɓoye, kamar tambarin gidan waya. Ta rubuta wa kwamfuta umarni, ta bi saƙonnin da suka shigo akwatin imel na gona, ta zana taswira, kowane gari da ɗigonsa. So take mu san inda ake son lemonmu.

Ranar bikin kaka, da dangi suka taru aka ci aka ƙoshi, ta haska taswirar a talabijin. Seoul ta cika da ɗigo har ta yi ja. Baba ya yi ta murmushi. Ni ina gefe ina ɓare lemo.

Sai yayana Gwang-su ya ce a nemo ɗigon angon Seon-ok, wato angona. Kowa ya san Tae-ung, wanda zan aura, ya tafi aikin ƙera jiragen ruwa a birnin Ulsan, can hayin teku, kuma ta akwatin gona yake rubuto mini, don ya ce ana karɓe musu waya a wurin aiki. Duk wata nakan aika masa kwalin lemo.

“Hae-rin, taɓa mana sunansa mu ga soyayya tana haye teku,” in ji wata gwaggonmu. Aka yi dariya.

Hae-rin ta taɓa. Ulsan ba ta haska ba. Ɗigon ya fito a kan tsibirinmu, tun daga saƙonnin farkon bazara.

Kunnuwana suka yi zafi, na rasa inda zan sa idona sai kan ɓawon da ke hannuna. Hae-rin ta yi sauri ta ce wani lokaci taswirar tana nuna inda injin kamfanin imel yake ne, ba inda mutum yake ba. Gwaggo ta ce haka ne, injuna ma suna ƙarya, ta miƙa wa Baba shayi. Ba wanda ya kalle ni, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Muna wanke kwanuka na tambaye ta a hankali, “Yaya, kuskure ne?”

Ta daɗe tana cuɗa kwano ɗaya. “Ban sani ba, ƙanwata. Amma na farkon shekara Ulsan suka nuna.”

Washegari na ɗauki kwalin da na riga na rubuta wa adireshin Ulsan, na hau bas zuwa gidan mahaifiyar Tae-ung. Na shirya cewa gaisuwar biki na kawo. A bakin ƙofa, cikin takalman da aka jera, na ga nasa, ruwan ƙasa, waɗanda na saya masa ranar da zai tafi. Jar ƙasar gona tana jikinsu, ba ta ma bushe ba. Daga ciki ina jin tarinsa da ƙarar cokali.

Na ɗaga hannu zan buga ƙofa, na kasa. Na ajiye kwalin kusa da takalman, na juya gefen adireshin yadda zai fara gani, na koma tashar bas ta bayan layi don kada maƙwabta su gaishe ni.