Rangwamen Inna Hajo

A shekarun da mutum zai ɗauki turmin atamfa ya ji nauyinsa a hannu, Inna Hajo ta Limancin Kona ba ta taɓa kasa kaya a kasuwa ba. Ɗakinta ne kasuwarta. Akwatunan ƙarfe biyu ne a ƙarƙashin gado, sai tabarma da faifan goro. Mace za ta shigo da hantsi, a gaisa, a tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, a yi zancen wadda ta haihu da wanda ya rasu, sannan can ta ce, "Wai ni Hajo, akwai sabon zane kuwa?" kamar yanzu abin ya faɗo mata.

Shekarar da komai ya yi tsada, azumi ya kai goma sha biyar akwatunan suna cike. Hajo ta shiga damuwa. Ta san idan matan nan suka yi sayayyar Sallah a Sabon Gari sau ɗaya, ƙafarsu ta saba ke nan, cinikin shekara ashirin ya watse.

Ana haka 'yarta Rabi, mai buga tafireta a wani ofis a Kaduna, ta zo hutu.

"Inna, ke har yanzu kasuwanci irin na da can kike yi. A Kaduna manyan kantuna rubutawa suke yi cewa an rage kuɗi. Wallahi har layi ake yi."

"To in an rage, me za a taya?"

"Ba tayi. Abin da aka rubuta shi ke nan."

Hajo ba ta so ba, amma tana jin nauyin ilimin Rabi. Rabi ta yanko kwalin sabulu ta rubuta da manyan baƙaƙe: AN YI RANGWAME. KOWANE TURMI AN RAGE NAIRA GOMA. BA TAYI. Ta rataye a ƙofar zaure. 'Yan makaranta suka karanta, suka kai wa iyayensu mata labari.

Ranar farko ba wadda ta leƙo. Ta biyu ma haka. Ta uku sai kwanuka suka fara shigowa gab da shan ruwa: kunu, ƙosai, alala, har da ƙwaryar gero daga gidan da ko gaisuwar kirki ba a yi da su. Mijinta Malam Jumare ya dawo daga masallaci yana jinjina kai.

"Hajo, wani abu ya same mu ne ban sani ba? Liman ya riƙe hannuna ya ƙi saki, sai haƙuri yake ba ni."

Kashegari Mariyamu ta zo daga Kwarbai. Ita ce ta fara sayen zane a hannun Hajo tun suna amare, kuma ba ta taɓa saye ba sai ta kushe. Wannan karon ko kallon akwatunan ba ta yi ba. Ta zauna, ta matso, ta rage murya.

"Hajo, ni za ki ɓoye wa? Gidan za a sayar, ko asibiti za a kwantar da ke?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Duk gari an ce jarinki ya karye. In ba haka ba, wa ke rage kuɗin kayansa tun ba a roƙe shi ba? Har a rubuta a bango? Ƙawarmu Nana ta ce gara ta yi Sallah da tsohon zane da ta shigo ta kwashi kayanki a wulaƙance tana kallon idonki. Mata biyu sun riga sun tafi Sabon Gari, suna tafe suna yi miki addu'a."

Hajo ta rufe baki da gefen mayafi. Kunya ta fara kama ta, sai kuma ta ji idonta ya ciko, ta tuna ƙwaryar geron nan. Ta ɗaga murya.

"Rabi! Je ki cire mini wannan abin kafin a kawo mini likkafani."

Ta jawo akwati, ta zaro turmi mai ganye-ganye, ta faɗi kuɗin da ita kanta ta san ya yi yawa.

Mariyamu ta murza bakin zanen, fuskarta ta saki. "Wannan? Wanki ɗaya zai zuba. Makaho ne ya zaɓo miki?"

"Ajiye mini kayana. Ai ba irin na mijinki ba ne da ake hango rana ta ciki."

Mariyamu ta taya rabi. Hajo ta ce albarka. Mariyamu ta miƙe har ta sa takalmi ɗaya, Hajo ta jawo ta. Aka koma zancen ciwon ƙafa, aka dawo kan zane. Sai da aka kira azahar Hajo ta ce, "Na sallama, don ke ce." Ta ɗora mata fallen ɗankwali gyara.

Rabi da ke tsaye bakin ƙofa ta kasa haƙuri. "Goggo, kin fa biya fiye da abin da na rubuta."

"Ke 'yar Kaduna, rufa mini baki. Wancan kowa aka rage wa, har wanda bai san sunan uwarki ba. Wannan ni aka rage wa."

Ta ƙi karɓar leda. Ta ɗora turmin a ka, ta fita ta bi doguwar hanya, tana tsayawa gaisuwa gida gida. Kafin la'asar takalma sun cika ƙofar ɗakin Hajo, ana jiyo muryar Nana tun daga zaure tana cewa ita dai ba a cuce ta bara ba, bana ma ba za a cuce ta ba.