Kofur a Ƙarshen Layi

Shekara ashirin Baba bai ji muryar Inna sosai ba, domin ƙarar igwa ta kashe masa kunne a soja. Da gwamnati ta ba ƙungiyar tsofaffin sojoji na'urorin ji, sai na goya shi a babur zuwa ofishinsu.

Na'urorin kaɗan ne, kuma tsofaffin sun jeru bisa muƙami. Baba kofur ne, can ƙarshen layi. Ni ba na iya jira, na ja hannunsa mu kutsa gaba, ya fizge.

"Kofur ba ya wuce hafsa!" ya daka min tsawa.

Shugaban ƙungiyar, wani tsohon manjo, ya juyo.

"Masu igwa, ku dawo gaba," in ji shi. "Mu daga nesa muka ji ta, ku kuka rungume ta."

Nan take likita ya saƙala wa Baba tasa.

Muna shiga gida Inna ta yi ƙunƙuninta na kullum: "Ga kurman nan ya dawo."

"Na ji ki," in ji Baba a hankali.

Ta saki ludayi, tana dariya tana share hawaye. Washegari da kaina na koma na gode wa Manjo.