Shafi Huɗu Daga Tashar Adjamé

Matsalar Radiyya ɗaya ce, ba ta iya yin abu rabi da rabi ba. A ɗakin karatu na wata jami'a mai zaman kanta a unguwar Treichville take aiki. Ƙungiyar ma'aikatansu, wadda suke kira sandika, ta fito da takardar neman jami'ar ta janye jarinta daga wani kamfanin da ake amfani da na'urorinsa wajen sa wa Falasɗinawa ido. Aka ba kowa shafi ɗaya ya tara sa hannu. Ita huɗu ta kwasa, ta nufi shagon babanta, Alhaji Kailu, ɗan Nijar mai sayar da darduma a bakin tashar mota ta Adjamé.

To, dattawan Nijar na tashar nan ba su san mutum ya ja wani ɗan layi ya ce wai ya sa hannu ba. In ana tara sunaye, na gyaran masallaci ko na kai gawa gida, kowa yakan ba da sunansa da na ubansa, da garinsu, da layin da shagonsa yake, don kada a rikita shi da wani. Da suka ji zancen Gaza ne, har rige-rige suke yi. Mutanen garuruwan Tawa, Madawa, Ƙonni, duk suka cika shafukan. Radiyya ta miƙa su tana jin kanta a sama.

Bayan kwana tara, Kuwasi, sakataren sandika, ya ja ta gefe.

“Kamarad, an kira ni ofis. Shafukanmu ko kallo ba su ishi kowa ba. Naki huɗu ne a kan tebur, an ja jan biro a ƙarƙashin kowane gari. Wai baƙi ne ke hura wutar.”

“In ji wa?”

“Wani mutum da ban taɓa gani a jami'ar nan ba. Ya tafi da fotokopi.”

Katin izinin zama a ƙasar na babanta ya ƙare tun bara, yana ta gobe-gobe wajen sabunta shi, kuma irinsa sun fi a ƙirga a layin. Shekara arba'in yana garin nan bai taɓa sa sunansa a wata rigima ba, sai da 'yarsa ta roƙe shi. Ta kira wayarsa sau uku, ba a ɗaga ba. Ta tari tasi, cunkoson gada ya cinye mata awa guda.

Da ta isa, la'asar ta yi. Shagon na nan a buɗe, har ta fara yin hamdala. Sai ta hangi wasu mutum biyu zaune a kan sabuwar darduma, takalmansu a ƙafa, da kofunan shayi a gabansu da ba su taɓa ba. Alhaji ya sa tabarau, yana bin wata takarda da yatsa, yana gyara musu yadda ake faɗin sunaye.

“Baba, su wane ne waɗannan?”

“Baƙinki ne mana, daga makarantarku. Sun ce godiya suka zo yi wa kowa da kowa da ya sa hannu, shago-shago.” Fuskarsa cike da fara'a. “Na kai su wajen yawancinsu, gwiwata ta gaji. Saura mutum shida, sun koma unguwar Williamsville. Ke da kika san gidajen, tashi ki raka su.”

Radiyya ta ƙare musu kallo, ta gane jami'an farin kaya ne, ba 'yan makarantarsu ba. Ɗaya daga cikin mutanen ya miƙe, ya ce cikin Faransanci motarsu na waje, kuma Alhaji ma zai zo.