Jiniya a Cikin Gero

Ikramu ta riga ta sa ƙafa ɗaya a motar Labbo lokacin da wayarta ta sake yin ƙara. Mubashshir ne, shugaban aikinsu, daga ofis a Sakkwato, karo na uku ke nan tun safe.

"Injiniya, ke kaɗai ake jira fa. Mutum ashirin da shida kika gwada, ashirin da shida sun ce ta yi. Me kuma kike nema?"

"Wanda zai ce ba ta yi ba nake nema."

"In babu shi fa?"

"Ka ba ni zuwa la'asar."

Ta kashe kiran ta matsa ciki, gwiwarta na gugar buhun wake. Tashar Isa, garin su Ikramu, ta cika da masu sammakon kasuwar Sabon Birni, kowa na son motarsa ta bi sahun wata, don ba mai son ya zama na farko a hanyar nan, ba kuma mai son ya zama na ƙarshe.

Wata takwas ta yi tana gina manhajar. Ba rubutu a cikinta ko harafi ɗaya, domin yawancin direbobi da fataken da aka yi ta dominsu ba sa karanta boko. Akwai mutane a ƙauyukan bakin hanya da aka ba wayoyi. In ɗayansu ya ga motsin mutanen daji, sai ya danna hoto guda, nan take fuskar wayar duk wanda ke kan hanya ta rikiɗe daga kore zuwa ja, jiniya ta tashi. Jiniyar tana tashi ko da an rage ƙarar wayar, kuma ba ta yin shiru sai mutum ya fito da wayar ya ɗora yatsa a kan hoton. Ikramu ce ta kawo wannan dabara, ita ta yi musu a kanta har ta yi nasara. Gobe za a zuba manhajar a wayoyi ɗari uku, in ta sa hannu a takardar da ke cewa an gwada, ta yi.

An kuwa gwada. A zauren mahaifinta, Malam Abdulgani, aka yi, saboda nan ne ake da inuwa da tabarmi. Mutane suka zo ɗaya bayan ɗaya, suka cire takalmi, suka gaishe da Malam, suka danna abin da aka ce su danna. Ta tambayi kowa ko akwai abin da bai yi masa ba. Kowa ya ce Allah Ya yi albarka, Allah Ya ƙara basira. A ofis an yi murna da sakamakon, har aka zana shi a allo. Ita kuwa kwana uku ke nan abin yana cin ta. Ko shayi ka dafa wa mutum ashirin da shida, sai ka sami mai cewa sukari ya yi yawa.

"Ɗiyar Malam, ke ma tahiya ta kama ki?"

Inna Uwa ce a gefenta, mai kai daddawa da kuka har Maraɗi, tana cikin waɗanda aka bar wa wayar gwaji su yi mako da ita.

"Ina son in ga yadda kike yi da ita a hanya, Inna."

"Ai lahiya lau take. Kyakkyawa da ita."

Suna wuce shingen ƙarshe na gari, Labbo ya ɗaga murya ba tare da ya waiwayo ba. "Jama'a, wayoyi."

Ba wanda ya tambaye shi me yake nufi. Wani dattijo ya kashe tasa ya cusa a safa. Wata mata ta tura tata cikin ƙullin barkono. Ikramu ta dube su, ta kashe tata ita ma. Shekara shida tana Sakkwato, in ta zo gida ma ta ɗaya hanyar take biyowa, ba ta san an koma haka ba. Inna Uwa ta naɗe wayar gwajin a leda, ta ƙulle ta a bakin zaninta, ƙulli biyu, ta soke a ƙugu.

"Inna, to yaya za ki ga launin in ya canza?"

"Za ni gani in mun isa, ɗiyata."

Ikramu ta ciro littafinta ta rubuta: *ba mai duban waya a hanya*. Ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Wata takwas suna jayayya a kan wane irin ja ne ido ya fi saurin kamawa a cikin rana. Har wani masani suka gayyato ya yi musu lacca a kai. Ba wanda ya tashi daga kujerarsa ya shiga motar kasuwa, har da ita.

Damina ta yi kyau a bana. Gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, hanyar ta zama kamar lungu. Labbo yana tuƙi yana ƙirga motocin da ke tahowa daga gaba, duk wadda ta zo sai direbanta ya fito da hannu ya kaɗa yatsu, shi ma ya kaɗa masa. Hira ta ɗan taso a baya kan tsadar taki, ta mutu.

Can sai Labbo ya rage gudu. Ya gangara gefe, ya kashe mota.

"Tun gada ba mu gamu da kowa ba," in ji shi. "Ranar kasuwa kuwa. Ku sauka."

Mutum goma sha ɗaya suka sauka ba hayaniya, suka kutsa cikin geron, kowa ya kama kunyarsa ya tsuguna. Inna Uwa ta ja hannun Ikramu, ta zaunar da ita a bayanta. Ƙasar da danshi. Ganyen geron yana yankar wuya. Ba abin da ake ji sai numfashi da ƙarar injin da ke hucewa.

Sai ga ƙugin babura daga nesa, da yawa, haɗe da kukan shanu. Ba kan kwalta suke ba, ratsa ta suke yi can gaba.

A daidai lokacin jiniya ta tashi daga ƙugun Inna Uwa.

Ikramu ta san sautin fiye da kowa a duniya. Ita ta zaɓe shi cikin guda arba'in, saboda shi ne kunne ba ya iya ƙyalewa. Wani a ƙauyen gaba ya ga baburan, ya danna hoton, saƙo ya iso. Komai ya yi aiki yadda ta tsara.

Inna Uwa ta kai hannu ga ƙullin, yatsunta suka kasa. Ikramu ta kama zanin tana ja, ƙullin ya ƙara ɗaurewa. Sai tsohuwar ta ture hannunta, ta kwanta rub da ciki a kan wayar, ta danna ƙugunta cikin laka da duk nauyinta. Sautin ya koma kamar kukan jariri a bayan ɗaki, amma bai mutu ba. Daga kunyar da ke kusa, dattijon mai safa yana kallon su, leɓɓansa na motsi.

Ƙugin babur ɗaya ya canza. Ya rage, kamar mai shi ya tsaya yana saurare. Ikramu ta cusa hannu ƙarƙashin cikin Inna Uwa, cikin laka, ta laluba ledar, ta sami maɓallin gefe ta danne shi, tana ƙirgawa a zuci. A na tara wayar ta mutu.

Wani ya yi kira can nesa, shanu suka yi gaba, babur ɗin ya bi su.

Sun fi rabin sa'a a wurin kafin wata motar itace ta taho daga gaba, direbanta yana kaɗa yatsu. Da suka koma mota ba wanda ya ce da Ikramu komai. Wannan ya fi mata zafi. Dattijon ma cewa ya yi, "Sannu, ɗiyar Malam, kin sha laka."

Ta juya ga Inna Uwa. "Inna, kowa ya kashe tasa. Me ya sa ba ki kashe ba?"

"Ke kinka ce kada in kashe ta."

"Amma kin san tana kuka. Kin ji ta a zaure."

"Na ji ta."

"Kin san abin da zai faru in ta yi a hanya?"

Tsohuwar tana kankare laka daga zaninta da farce. "Wada, ƙanen maigidana, bara waya ta tona shi cikin dawa. Matarsa ta kira ta ji ko ya isa. Duk wanda ya zo zauren nan ya san Wada."

"To don me ba wanda ya faɗa mini? Na tambaye ku, Inna. Ɗaya bayan ɗaya na tambaye ku."

"Kin tambaye mu gaban Malam." Ta ɗago ta dube ta, ba fushi a fuskarta. "Malam ya karantar da ɗiyana huɗu. Shi ya yi wa Wada salla. In zauna bisa tabarmarsa in ce aikin ɗiyarsa bai yi ba? Na ce ranar da za ta yi kuka, Allah Shi sa ina gida."

Labbo ya yi tsaki daga gaba, ba a san ko da hanya yake ba ko da su.

Azahar ta wuce lokacin da suka shiga tashar Sabon Birni. Ikramu ta kunna wayarta, kira bakwai. Ta tsaya a inuwar wata rumfa ta kira shi, ta faɗa masa abin da ya faru, a taƙaice.

"Subhanallahi. Amma kowa lafiya?" in ji Mubashshir. Sannan ya ce, "To ai kin ga, ta wani ɓangaren, saƙon ya iso a kan lokaci. Tsarin ya yi aiki."

"Ya yi."

"Sai mu sa a gaya musu su riƙa rage..."

"Ba ta raguwa. Ni na hana ta raguwa, ka manta? Ba za ni sa hannu ba, Mubashshir."

"An gayyaci mutane gobe. An buga riguna."

"Su sa rigunan."

Ta kashe. Hannunta har yanzu da laka a ƙarƙashin farce. Ta karɓi wayar gwajin daga Inna Uwa, ta goge ta da gefen mayafi, ta kunna. Fuskar ta dawo kore, tas, kamar ba abin da ya faru.

A ƙarƙashin wata bishiyar bedi direbobin Gatawa da na Maraɗi suna zaune a kan benci suna cin rake. Ba ta san ko ɗaya ba, ba kuma wanda ya san ta. Labbo ne kawai, yana gefe yana zuba wa motarsa ruwa. Ta yi sallama, suka amsa suna duban lakar da ke jikinta.

"Don Allah wani abu aka aiko ni in nuna muku," ta ce. "Wani mutumin Legas ne ya ƙera shi, wai don direbobin hanyar nan. Ni dai ban gane kansa ba."

Labbo ya ɗago kai ya dube ta. Ta dube shi. Ya mayar da kansa cikin injin.

Ta yi musu bayanin kore da ja, sannan ta saki jiniyar. Wani mai jan rawani, da suke kira Illo, ya tofar da raken bakinsa.

"Kashe, kashe. Wanga abu a aljihuna? Ya hwaɗa miki gaba yake da mu?"

"Kuma wai sai ka hiddo ta ka duba," in ji na kusa da shi. "Ina tuƙi, ina duban rami, ina duban daji, in duba talabijin."

Illo ya ce, "Shi bari ta yi motsi a jiki mana, ba ƙara. Ka ji ta a cinya, kai kaɗai."

"Motsi nawa? In ɗiyata ta kira ma motsi ta kan yi."

"To shi bambanta. Dogo guda, ka san lahiya. Gajeru uku, ka nemi gero."

Suka kaure da musu, kowa na katse kowa. Ikramu ta zauna a kan wata tsohuwar taya, ta buɗe littafin a gwiwa, alƙalaminta na gudu bai kamo su ba. Labbo ya rufe injinsa, ya matso yana goge hannu da tsumma.

"Malama, in kin koma ki gaya wa mutumin Legas ɗin nan," ya ce, "wanda duk ya yi abin ga bai taɓa kwanciya cikin gero ba."

"Ya kwanta yau," ta ce a hankali, ba ta ɗago ba.

"To madalla. Sai ki ce mishi shi dawo jibi, motata na tashi da bakwai."

Ta rubuta *jibi, bakwai*, ta juya shafi, ta ce da Illo ya maimaita abin da ya faɗa game da cinya.