Muryar da Aka Bari a Tsohon Masauki

Kamfanin da ke ajiye mana shafin shago a intanet ya aiko cewa zai rufe, kowa ya kwashe kayansa. Ni aka kalla. Na gama sakandare, ba ni da aikin yi, kullum ina kan waya.

Shafin na Baba ne. Kafinta ne, bara ya rasu, Kawu ke riƙe da shagon yanzu. Ba wani abu a shafin: hotunan gadaje da kujeru, lambar waya, sai wani ɗan maɓalli a sama. In ka taɓa shi, muryar Baba za ka ji, zarto na kuka a bayansa: "Sannunku da zuwa. A duba a tsanake, katako ba ya gudu." Sai ya yi tari, ya manta ana ɗauka, ya ce, "Ke, rufe mana ƙofar nan." Da Umma yake, ranar ta kai masa abinci ne. Mun sha cewa a yanke wurin. Ya ce a bari, masu saye su san yana da mata.

Wayar da aka ɗauki muryar da ita ta daɗe da lalacewa. Muryar ba ta ko'ina sai a shafin. Kullum da safe, kafin ta ɗora ruwan shayi, Umma sai ta taɓa maɓallin. Ta ɗauka ba mu sani ba.

"Tashi ne kamar daga gidan haya," na ce mata. "Adireshi ɗaya, masauki sabo."

"Har da shi za a tashi?"

"Har da shi."

Na kwashe komai, na zuba a sabon kamfani, na juya adireshin. Washegari da safe na buɗe shafin a wayata. Gadaje sun iso, kujeru sun iso. Na taɓa maɓallin. Shiru.

Na bincika. Ashe wanda ya gina shafin a wata folda daban ya ajiye muryar, ba ta cikin kayan da kamfanin ya ba ni. Na koma tsohon masauki in shiga. Sun riga sun kulle hanyar masu ajiya. Na kira lambarsu, tana ta ƙara a ofishin da ba kowa.

Na zauna a bakin gado. Gadon ma shi ya yi shi.

Can sai na ji daga kicin: "Sannunku da zuwa."

Na fita ba takalmi. Umma na tsaye gaban risho, wayarta a hannu. Idan aka juya adireshi, ba lokaci ɗaya labarin ke isa ko'ina ba. Layin Umma daban ne da nawa, nata bai ji an tashi ba tukuna, tsohon gida yake kai ta. Kowane lokaci zai iya ji.

"Umma, kar ki rufe. Kar ki taɓa komai."

"Lafiya?"

Na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta kashe rishon kawai.

Tsohuwar wayarta ba ta iya sauke komai. Na ɗora ta a kan tebur, na kanga tawa a bakinta, na kunna ɗaukar murya. Baba ya fara. Yana kan "a tsanake" Yaya ta faɗo da bokiti.

"Injiniyan kan katifa! Yau kuma wayoyi kake haɗawa aure?"

"Yaya, don Allah!"

"Au, har da tsawa? Umma, kin ga ɗanki."

Umma ta ɗora yatsa a baki. Yaya ta dubi fuskarta, ta ajiye bokitin a hankali. Na goge wancan, muryar Yaya ta danne komai.

"Kowa shiru," na ce. "Ko numfashi."

Na sake buɗe shafin a wayar Umma. Ya zo. Zarto. Sannunku da zuwa. Katako ba ya gudu. Tari.

"Ke, rufe mana ƙofar nan."

"To, Malam, na rufe," in ji Umma.

Maganar fita kawai ta yi daga bakinta, yadda take fita kullum da safe. Ta toshe baki da mayafi.

"Na ɓata maka, ko?"

"Ba komai. Mu sake."

Na sake buɗewa. Shafin ya ɗan yi jinkiri, ya fito tsaf, gadaje, kujeru. Na taɓa maɓallin. Shiru. Layin Umma ma ya ji an tashi.

Na kunna abin da na ɗauka. Baba na nan, ɗan nesa kaɗan, kamar daga ɗakin da ke kusa. Umma na nan a ƙarshe, kusa sosai.

"Ana iya yanke nawa?" ta ce.

"Ana iya."

Yaya ta share ido da bayan hannu. "A bari mana. Masu saye su san har yanzu yana da mata."

Na dubi Umma. Ta juya ta kunna risho, ba ta ce a'a ba.

Haka na ɗora shi a sabon masauki.