Taliyar da Baba Ya Dafa

Auta na tsaye a bakin ƙofar kicin, ta harɗe hannayenta a ƙirji, don ta san in ta sake su sai sun kai ga wuƙa ko tukunya. Sharaɗin da aka yi ke nan, girki na Baba ne, ita nata kallo.

Abin ya samo asali ne makon jiya. Wata maƙwabciya ta ji ƙauri, ta leƙo ta ga hayaƙi na tuɗaɗowa ta tagar kicin ɗin Baba, shi kuwa yana zaune a ƙofar gida da rediyonsa a kunne, hankali kwance. Ya ɗora tukunya ya manta. Tun rasuwar mahaifiyarsu shi kaɗai ne a gidan. Auta ce ke kusa, takan leƙo bayan ta tashi daga makarantar da take koyarwa. Yayanta kuwa injiniya ne a wani gari mai nisa, kuma yana jin labarin ya kamo hanya da niyyar ba zai koma ba sai da Baba a mota.

Yau tun azahar ake abu ɗaya. Yaya ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya koma lallashi. Auta ta tsaya wa Baba, ta ce mantuwa ɗaya ba ta isa a raba tsoho da gidansa da maƙwabtansa ba. A ƙarshe Baba ya buga tafin hannunsa a kan gwiwa.

“Injiniya, ya isa haka,” ya ce. “Ku zauna in yi muku abincin dare da hannuna. In ka ci ka ce ban iya riƙe kaina ba, gobe ni zan riga ka shiga motar.”

“Na yarda, Baba. Amma Auta ba za ta sa hannu ba.”

“Wa ya gayyace ta?”

Yanzu ga shi nan ya naɗe hannun riga, ya jera kayan a kan tebur: ledar taliya, albasa, tumatir, koren tattasai, karas, koren wake, da rabin kabeji. Baba tsohon direban babbar mota ne. Ya yi shekaru yana dafa wa kansa abinci a gefen titi, da risho a inuwar taya, kuma taliya ce abin alfaharinsa. Yakan ce kafin injin mota ya huce ya gama ci ya wanke kwano.

Ya murɗa makunnin murhun gas, ya ƙyasta ashana, wuta ta kama shuɗiya. Ya ɗora ruwa, ya watsa gishiri, ya rufe. Auta ta saki numfashi a hankali. Yaya na tsaye a bayanta, tana jin hucinsa a wuyanta.

“Ku matsa mini daga haske,” in ji Baba. “Kun tsaya mini a ka kamar masu duba lasisi.”

Ya ɗauki albasa. Hannun yana ɗan rawa kafin wuƙar ta sauka, amma da ta sauka sai ta riƙa tafiya da kanta, ƙwas-ƙwas-ƙwas, yankan siri-siri daidai wa daida. Ya kankare karas, ya yanka shi a karkace yadda ya saba. Yaya ya yi gyaran murya. Nan wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ja tsaki, ya ce daga wurin aiki ne, ya fice tsakar gida.

Ruwa ya fara tafasa. Baba ya buɗe murfi, ya karya taliyar gida biyu ya zuba. Sai ya miƙa hannu ga robar gishiri, ya sake ɗebowa cikin tafin hannu, ya watsa.

 Auta ta buɗe baki, ta rufe. Gishiri ne kawai, ta ce a ranta. Wa ne ne bai taɓa sa gishiri sau biyu ba? Ita kanta ta sha yi. Da ya juya baya yana wanke kabeji, ta zura hannu ta ɗauke robar ta tura bayan kwalin shayi.

“Mamanku ba ta son kabeji ya yi laushi,” Baba ya ce, bai waiwayo ba. “Sai ta ce na mayar mata da shi tsumma.”

“Na tuna, Baba.”

“Shi ya sa shi ne ƙarshen shiga. Karas da wake su ne masu taurin kai, su ake fara turawa.”

Ya ɗauko kasko ya ɗora a ɗaya kan murhun, ya tsiyaya mai. Ya murɗa makunni. Sannan ya kai hannu inda ya ajiye ashana, babu ita.

Auta ta ga lokacin da ya sa ta a aljihun wandonsa. Ta jira ya tuna. Baba ya ɗaga ledar taliya, ya duba ƙarƙashin faranti, ya ja aljihun tebur yana ta birkita cokula. Duk wannan abin gas na fita, siiii, siririyar ƙara da tafasar tukunya ta kusa danne ta. Taga a rufe take, Baba ne ya rufe ta ɗazu don iska na kaɗa masa wuta.

Daga tsakar gida muryar Yaya na tashi, yana yi wa wani faɗa a kan kayan da ba a kai ba. In ta yi magana yanzu zai ji. In ya ji, magana ta ƙare. Ta ce bari ta ɗan ƙara masa lokaci, yanzu zai lura, ai yana da hanci. Warin ya iso mata har bakin ƙofa. Ta dubi wutar da ke ci a ƙarƙashin taliya, ta dubi kan murhun da ke huci a gefenta, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tsawon hannu ba.

Baba ya bar neman ashana. Ya tsaya yana kallon karas ɗin da ke kan katako kamar wani ne ya yanka ya tafi.

“Baba,” ta ce ƙasa-ƙasa.

Bai ji ba. Ya shafa aljihu, fuskarsa ta washe.

“Ga ’yar banza nan!”

Ya zaro tsinke, ya sunkuya da fuskarsa dab da kaskon.

Auta ba ta san lokacin da ta tsallake kicin ɗin ba. Ta cafke wuyan hannunsa da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba, ɗaya hannun ya murɗe makunnan biyu. Kwalin ashana ya faɗi, tsinkaye suka watse a ƙasa. Ta bangaje taga ta buɗe, ta ɗauki murfin tukunya tana fifita iska waje. Sannan ta jingina da bango.

Baba ya tsaya yana kallonta, baki a ɗan buɗe. Sai ya shaƙi iska, ya dubi murhun. Ta ga abin ya sauka a idonsa.

“A buɗe yake?” ya tambaya da wata ƙaramar murya.

“A buɗe yake, Baba.”

Ya haɗiye yawu. Ya dubi ƙofa, inda muryar Yaya ke shigowa, ya sake dubanta. Bai roƙe ta komai ba, ita ma ba ta yi alkawarin komai ba. Ta durƙusa ta tsince tsinkayen. Suka jira warin ya fita. Sannan ta miƙa masa ashanar, ta koma bakin ƙofa ta harɗe hannu.

Da Yaya ya dawo, albasa na soyuwa, kicin ya cika da ƙamshi. Baba ya tura karas da koren wake, ya juya, ya bi da tumatir da tattasai. Ya tsamo silin taliya ɗaya ya gatsa, ya gyaɗa kai, ya juye tukunyar a kwando ruwan ya tsane. Ya watsa kabeji, ya zuba taliyar a kai, ya riƙa ɗaga kaskon yana girgizawa da hannu ɗaya. A hankali kafaɗunsa suka miƙe. Har ya fara ’yar waƙa a maƙoshi.

“Wa ya buɗe taga?” Yaya ya tambaya.

“Zafi,” in ji Auta.

Baba ya warware hannun rigarsa, suka zauna a falo, kowa da farantinsa. Gishiri ya ɗan fito, amma taliyar ba ta caɓe ba, karas na da ɗan ƙarfi a haƙori, kabejin na nan da ransa. Yaya ya ci, ya sha ruwa, ya ƙara. Auta kuwa juya cokali kawai take yi.

Yaya ya ajiye faranti.

“Baba, gaskiya na zo da zafi,” ya ce. “Tsoro ne ya sa. Na kwana ina ganin gidan nan yana ci da wuta. Amma abin da na gani yau… wataƙila Auta ce da gaskiya. A bar maganar tafiya tukuna.”

Auta ta ɗago ta dubi Baba. Ta san halinsa. Mutum ne da ko ƙwarzanar mota ya yi a hanya, shi zai fara nuna wa mai ita. Ta jira ya yi magana.

Baba ya yi dariya har da tafa hannu.

“Ka gani ko, Injiniya? Tun daga ƙyasta ashana har saukewa, ko tuntuɓe ban yi ba. Auta na tsaye, ita ce shaida. Auta, na yi kuskure ko ɗaya?”

Ta zuba masa ido tana neman alamar wasa, ko ƙifta ido, ko kunya. Babu ko ɗaya. Fuskarsa tas take, cike da murna irin ta yaron da ya ci jarrabawa. Ba ɓoyewa yake yi ba. Abin ya goge daga kansa ƙaf, tun kafin kaskon ya huce.

 Ta tuna gobe war haka tana gidanta, Yaya na kan hanya, Baba shi kaɗai da ashana a aljihu.

“Auta, da ke ake,” in ji Yaya.

“Yaya, ba zafi ne ya sa na buɗe taga ba.”

Ta faɗa duka, idonta a kan farantinta. Har gishirin ba ta rage ba. 

“Ƙarya kike yi,” Baba ya ce. Bai taɓa gaya mata haka ba tun tana yarinya. “Ke ma? Haɗa baki kuka yi? Ke da kika wuni kina cewa a bar ni?”

“Baba, wallahi…”

“Rufe mini baki!”

Ya ɗaga hannu yana nuna ta, hannun rigar ya zame. A wuyan hannun akwai sawun farce, jeri guda, ɗaya har ya yi jini ya bushe. Yaya ne ya fara gani. Baba ya bi idonsa, ya juya hannun yana dubawa.

“Wannan fa?” Baba ya tambaya.

“Ni ce, Baba,” ta ce, hawaye na zubo mata. “Lokacin da na riƙe ka.”

Ya daɗe yana kallon wurin. Ya shafa shi da babban yatsa. Ta ga yana lalube a cikin kansa, yana buɗe ƙofa bayan ƙofa, bai sami komai ba. Hannun ya sauka a hankali kan cinyarsa.

“Ban tuna ba,” ya ce. “Ko kaɗan ban tuna ba.”

 Yaya ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar Baba.

Can Baba ya ja dogon numfashi.

“Injiniya, tashi ka kwance tukunyar gas ɗin nan ka sa a bayan motarka. Yanzu, ina kallo.”

Yaya ya tashi. Suka ji shi yana fama da tiyo, sannan ya wuce da tukunyar a kafaɗa, kansa a sunkuye. Baba ya tattara farantan da kansa. Auta ta miƙe za ta karɓa, ya janye.

“Bar mini. Ruwa dai ba ya kamawa da wuta.”

Washegari suka kai shi asibiti, likita ya yi tambayoyinsa, ya rubuta gwaje-gwaje. Baba ya ce alkawari ya yi, zai shiga mota, amma garin Yaya ya yi masa nisa da kabarin matarsa. Aka tsaya a kan gidan Auta. Mijinta ya kwashe kayan da ke ɗakin baƙi a ranar, yara suka yi ta tsalle Kaka ya zo.

Kwanaki Baba ya yi ba ya haɗa ido da ita. In ta gaishe shi ya amsa a taƙaice, ya mayar da kai ga rediyo. Ba ta sani ba ko fushin ne bai huce ba, ko kunya ce, ko kuwa ya manta dalilin, nauyin kawai ya rage masa a zuciya. Ba ta tambaya ba. Takan ajiye masa shayi, ta zauna a gefe tana duba littattafan ɗalibanta har ya shanye.