Dutsen Murhu na Uku

Ɗalibanta suna ce mata Anti Hujja, sunan kuwa na yi mata daɗi, ba ta ma ɓoyewa. Ita ke koyar da muhawara a sakandaren unguwa, kuma duk wanda ya zauna ajinta ya haddace karatunta: magana tukunya ce, a kan duwatsu uku take zama. Na farko mutuncin mai magana, na biyu hujja, na uku zuciyar mai sauraro. Takan ƙara da cewa zuciya ba ta jin ƙididdiga, ɗan ƙaramin abu ne ke kama ta.

A ajin nata aka yi taron unguwa ran Asabar, manya sun takure a bencin yara, gwiwoyi na gogar tebur. Batun guda ne. Babbar kwatar da ta ratsa layinsu a buɗe take, ana so maza su sadaukar da ranakun hutunsu a zuba mata murfin siminti. A cikinta 'yar ƙanwar Anti Hujja ta faɗa daminar bara, aka tsamo ta ba rai.

Anti Hujja ta fara da dutse na farko. Ta tuna musu cewa rabin 'ya'yansu ta hannunta suka bi, ba ta taɓa yi musu ƙarya ba. Aka gyaɗa kai. Ta koma kan hujja, ta kawo zurfin kwatar, ta kawo sauro, ta kawo ambaliya. Nan fa aka soma hamma. Telan unguwa ya ce aikin hukuma ne. Mai chemis ya duba agogo, wasu na baya har sun fara laluben takalma. Ita da ɗalibanta ke ciyo kofi a ko'ina, a kayar da ita a cikin ajinta? Ina, ba za ta saɓu ba!

Sai ta sassauta murya, kamar yadda take koya wa yara.

"Uwar yarinyar nan da ta faɗa tana gida," in ji ta. "Waya kawai take yi, tana dariya, ta manta ba ta saka sakata ba. Ko da ta ajiye wayar, takalmi ɗaya ta gani a bakin ƙofa."

Wata tsohuwa ta fashe da kuka. Da aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, har tela ya ɗaga. Daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa, kuma wannan daɗin ne daga baya ya fi komai ci mata rai.

A lokacin ta hango shi. Mijin ƙanwarta, bakanike, tsaye a bakin ƙofa da baƙin mai a rigarsa. Da ma ya ce ba zai zo ba, ashe ya zo. Shi abin da aka gaya masa, matarsa na banɗaki yarinyar ta sulale. Maganar waya mutum biyu ne suka san ta a duniya, ƙanwar da yayarta, don da Anti Hujja ake wayar. Ita ta kira, ita ta ja hirar a kan wani ɗinki da aka ɓata mata, ƙanwar na cewa bari ta duba yarinya, ita tana cewa tsaya ki ji ƙarshen. Wannan ɓangaren kam ba ta saka shi a jawabi ba.

Bakaniken ya ɗaga nasa hannun a hankali, ya sauke, ya fita.

Mutane suka yi ta zuwa suna sa mata albarka, wai bakinta ya ceci 'ya'yan unguwa. Kowace godiya ji take kamar an watsa mata ruwan zafi. Kunya ta hana ta haɗa ido da kowa, ta tattara jakarta ta bar allon ba gogewa.

Sai washegari ta iya taka gidan ƙanwar. Ta shirya kalamai tun daga hanya, ta jera su ɗaya bayan ɗaya, da ta yi sallama duk suka watse. Ƙanwar na tsakar gida tana wanke kwanuka, idanunta sun kumbura. Babur ɗin maigidan ba ya inda yake kwana, tun jiya bai dawo ba.

"An ce kin iya magana, Yaya," ta ce, ba ta ɗago ba. "An ce kowa ya yi kuka."

Anti Hujja ta durƙusa a gefen bahon, ita da take babba.

"Kafin ya fita abu ɗaya ya tambaye ni. Wai da wa nake wayar." Ƙanwar ta ɗauraye kwanon hannunta, ta kife shi a kwando. "Ban gaya masa ba. Ki tashi, zaninki na jiƙewa."